Turmin Ƙarshe a Aliero

Jiya da hantsi maƙwabciyata ta ɗora man kaɗe a wuta za ta shafa wa jikanta da ya gurɗe a ƙafa. Warin ya tsallako katanga ya same ni ina tsintar shinkafa, sai na ga hannuna ya tsaya cak a cikin faifai. Da irin wannan man ake gasa hannun Babana. Man kaɗe da dakakkiyar citta, a cikin wani ɗan kasko mai baƙin gindi wanda ba a dafa komai a ciki sai shi. Inna takan durƙusa ta riƙe hannun a kan cinyarta tana murzawa, shi kuwa ya kau da kai yana kallon bango.

Gidanmu gidan mahauta ne a Jega, kusa da kasuwa. In ka shigo zaurenmu, warin kitse da hayaƙin babbaka ne za su fara yi maka maraba. A gidan mahauta dambe gado ne, kamar wuƙa. Kakana ya yi, ƙannensa sun yi, amma babu wanda ya kai inda Babana ya kai. Ban taɓa ganin fuskarsa lafiyayya ba. Na buɗe ido na tarar da hancinsa a karkace, haƙoransa biyu na gaba babu, kunnensa na hagu a dunƙule kamar busasshen nama. Da ina ƙarama na ɗauka haka fuskar kowane uba take.

Duk waɗannan tabo, in ka cire ɗaya ko biyu, aikin mutum guda ne. Wani manomi ne daga Giwa Tazo, can ƙasar Maiyama, dogo, baƙi, mai bugu da hannun hagu. A gidanmu ba a kiran sunansa, sai dai a ce Bahagon. Tun ba a haife ni ba suke karawa. Duk kaka, in an kai amfanin gona gida, masu kalangu suka fara zaga garuruwa, to kowa ya san za a haɗa su, ko a Jega, ko a Maiyama, ko a wani ƙauyen da ya iya tara jama'a. Yau wannan ya kai wancan ƙasa, baɗi wancan ya rama. A dambe in ka kai mutum ƙasa, cewa ake ka kashe shi. Sun kashe juna har mutane sun daina lissafi, kowane gari yana faɗin adadin da ya yi masa daɗi. A Andarai ne Babana ya fasa wa Bahagon idon dama, idon ya tsiyaye, bai ƙara gani da shi ba. Shekara na zagayowa Bahagon ya zubar masa da haƙora a gaban surukansa.

Lokacin da na yi wayo duk sun ajiye. Furfura ta fara fito wa Babana a gemu, gwiwarsa tana ciwo in damina ta kama. Ya koma kan teburinsa na nama, ya je Makka, ya zama mai zuwa masallaci tun kafin ladan ya kira. Zaren da ake ɗaure masa hannu, wanda ’yan dambe ke kira kara, yana cikin wata tsohuwar jaka a ɗakin kakarmu, wadda muke kira Tsohuwa. Ita ta karɓe shi da hannunta, ta ce an gama.

Sai aka yi sabuwar jiha. Ka san yadda shekarun nan suka kasance, kowa yana ji kamar an sake haihuwarsa. Ana sauya lambar mota, ana sauya allunan makarantu, mu yara ana koya mana mu daina cewa jihar Sakkwato. A cikin wannan ɗoki ne wasu samari uku suka iso ƙofar gidanmu a wata farar mota, bayan an gama sanyi, zafi ya fara leƙowa. Babbansu yana da gilashin ido da riga mai aljifai da yawa. Ɗaya yana saɓe da kyamara a kafaɗa, ɗaya yana jan waya. Suka ce fim za su yi na tarihi, don sabuwar jiha ta san mazajenta, kuma babu labarin da ya kai na mahaucin Jega da Bahagon Giwa Tazo.

Kwana biyu suna gidanmu. Suka ɗauki Babana yana fawa, suka ɗauke shi yana alwala, suka zaunar da shi a gindin dogonyaron tsakar gida suna yi masa tambayoyi. Ya yi magana a natse, har da dariya. Mu yara muna maƙale da bango muna leƙe. Mai gilashi ya hango ni, ya yafuto ni da hannu. Shekarata goma a lokacin, da ɗan kwali ja da Inna ta saya mini na Sallah. Ya tambaye ni, da za a sake haɗa su yau, wa zai ci? Tun ina goye nake jin amsar a bakin ƙannen Babana. Na dubi baƙin idon kyamarar nan, na buga ƙirji kamar yadda na ga maza suna yi, na ce Babana zai kashe shi. Tsakar gida ta ɗauki dariya. Baba Ƙarami, ƙanin Babana da ke bi masa, ya ɗaga ni sama yana juyi da ni.

Bayan mako guda suka dawo, sun je Giwa Tazo sun ɗauko na can. Suka shigo da wata ’yar talabijin da suke haɗawa da batirin mota, suka ajiye ta a zaure, suka ce Babana ya zo ya ga abokin karawarsa. Mahauta suka cika zauren, wasu ko wuƙaƙensu ba su ajiye ba. Ran nan na fara ganin Bahagon. Yana zaune a bakin rumbu, idonsa ɗaya fari fat, yana magana a hankali kamar mai ciwon haƙori. Ya ce: “Ran da yaf fasa min ido, mutanena sun ce ba hannu na ba, ƙarfe yan naɗe cikin kara.”

Nan mai gilashi ya kashe akwatin. Na ga jijiyar wuyan Babana ta tashi. Ya ce: “Shi yac ce hakanga? Da bakinai?” Mai gilashi ya ce ai ga shi ya gani. Sannan ya ƙara da cewa fim ɗin ba zai yi armashi ba sai an ga ƙarshen zancen a fage, kuma akwai masu albasa a Aliero da suka ce za su ɗauki nauyin taron, tunda can ba garin kowa ba ne a cikinsu.

Tsohuwa ta ƙi ba da jakar. Kwana uku tana zaune a ƙofar ɗakinta da sandarta a kan cinya. Ta ce da Babana: “Wanga hannu ya tsuhwa, kuma ya taɓa Ɗakin Allah. Mi kaka nema da shi?” Bai yi mata musu ba, bai taɓa yi ba. Ya dai bar cin abinci. A kasuwa kuma magana ta riga ta bazu, masu sayen nama daga ƙasar Maiyama suna tsayawa gaban teburinsa su tambaye shi ko yana sayar da ƙarfe. Wata rana Baba Ƙarami ya kwantar da ɗayansu da ƙashin cinyar saniya, aka kwashi mutumin jina-jina. A rana ta huɗu Tsohuwa ta jefo jakar tsakar gida, ta rufe ƙofarta.

Ranar da za a yi, rana ta buɗe tun da sassafe. Bazara ce, ana tsakiyar cire albasa. Tun daga nesa da Aliero kake jin warinta, an jibge ta tuli-tuli a bakin hanya, mata da yara suna yanke ganye. Mu mun tafi a bayan wata babbar mota, mahauta da masu kalangu da mu yaran gida, Baba Ƙarami ya ce dole mu ga abin da za mu ba jikokinmu labari. Inna ba ta fito ko ƙofar gida ba. An share wani fili a bayan gari, jama'a sun yi da'ira, wasu a kan itatuwa, wasu a kan buhuna. Mai kyamara ya hau rufin farar motarsu. Bayan la'asar, da yara da matasa suka gama nasu, kalangu ya sauya murya, wuri ya ɗauki ihu.

Su biyu suka shigo, dattawa masu furfura, tsirara daga ƙugu zuwa sama. Tumbin Babana ya ɗan sauko, haƙarƙarin Bahagon ana iya ƙirga su. Wani ya yi dariya a bayana, amma dariyar ba ta daɗe ba. Dambe turmi uku ne, wato karo uku, sai in an yi kisa kafin nan. A turmin farko sun daɗe suna zagaya juna, kowa ya miƙa hannun tsaro gaba, ya ja ɗaurarren hannu baya. Ban ga fitar hannun Bahagon ba, ƙararsa kawai na ji, kamar an sauke taɓarya a kan ɗanyar fata. Dunƙulallen kunnen Babana ya fashe, jini ya bi wuyansa ya sauka har cibiya. Ya yi tangaɗi, ya taka baya sau biyu, bai faɗi ba. Masu raba suka shiga tsakani.

A turmi na biyu babu sauran zagaye. Suka rungumi juna suna bugu a kusa, a ciki, a haƙarƙari, a ƙeya. Zaren kara yana da kaushi, duk inda ya goga sai ya tafi da fata. Babana ya samu Bahagon a ƙasan hammata, na ji mutumin ya yi wani irin nishi kamar bijimi a ƙarƙashin wuƙa. Shi kuma ya ɗago gwiwa ya daki Babana a mara, ya bi shi da bugu a gira, girar ta buɗe har ana ganin fari. Da aka raba su kowa yana tofar da jini. Wani dattijo daga cikin masu raba ya ɗaga hannu ya ce ya isa haka, a tashi babu kisa. Jama'a suka yi masa ca. Mai gilashi yana daga kan mota yana nuna yatsa ɗaya, saura ɗaya. Babana ya dubi Bahagon, Bahagon ya dube shi da idonsa guda. Babu wanda ya yarda ya fara juya baya.

Turmi na uku bai kai tsawon karanta Fatiha ba. Babana ya san inda mutumin ba ya gani, shi ya kashe wannan idon da hannunsa. Ya yi kamar zai shiga ta hagun mutumin, ya zame ta damansa, ya sauke hannu a gefen kan Bahagon, daidai tsakanin kunne da mataccen idon. Bahagon ya tsaya a tsaye na ɗan lokaci, hannuwansa sun sauka, bakinsa a buɗe kamar zai yi tambaya. Sannan ya tafi ƙasa da fuska, bai ko tare da hannu ba. Ƙafarsa ɗaya ta riƙa shure ƙasa.

Mahauta suka ɓarke cikin fage suka ɗaga Babana sama. Ni ma na yi tsalle, na yi guɗa irin ta manya, ba zan ɓoye maka ba. Sai wani daga ɓangaren Giwa Tazo ya ƙwala ihu ya ce ƙarfe ne, a kwance hannun a gani. Kafin ka ce me, sanduna sun fito. Manoma da ƙotocin fartanya, mahauta da abin da suka saba riƙewa. Aka fara jifa da albasa, aka koma duwatsu. Na ga an fasa kalangu a kan makaɗinsa. Na ga Baba Ƙarami yana riƙe da damtsensa, jini na tsartuwa ta tsakanin yatsunsa, yana ta zagi. Wata mai sayar da fura ta ja ni ƙarƙashin mota ta danne kaina. Daga nan, ta tsakanin tayoyi, na hango Babana a tsakiyar fage shi kaɗai, yana kwance karan da haƙora da hannun hagu. Ya warware shi kaf, ya ɗaga sama, ya zazzage tsumman da ke ciki. Babu komai sai ’yar laya. Yana ta juyawa yana nuna wa mutane, amma babu mai kallonsa, kowa yana neman kan da zai fasa.

Bahagon bai ƙara magana ba. An kai shi asibiti, aka dawo da shi gida, ya kwana tara yana numfashi, ran na goma aka binne shi. Da labari ya iso, Babana ya sa farar riga ya ce zai je gaisuwa. Mahauta suka ce sai dai su bi shi da wuƙaƙe. Ya ce ko mutum ɗaya kada ya bi shi. Tsohuwa ce ta buɗe ƙofarta, ta yafa mayafi, ta ce ita za ta, a ga mai hana ta.

Daga bakinta na ji abin da ya faru. Suna isa ƙofar gidan, babban ɗan mamacin ya taso daga cikin masu zaman makoki, ya zari ƙotar fartanya ya sauke wa Babana a tsakar kai. Babana ya durƙusa. Yaron ya ƙara masa a kafaɗa, ya ƙara a baya. Tsohuwa ta ce ko hannu bai ɗaga ya kare ba, mutumin da bugu ɗaya zai kwantar da yaron. Sai wata gyatuma ta fito daga cikin gida tana dafa bango, uwar Bahagon ce. Ta ce: “Ku bas shi. Ɗana da ƙahwatai yat tahi Aliero, ba ɗaukatai anka yi ba.” Ta sa aka kawo ruwa. Tsofaffin nan biyu suka zauna a tabarma ɗaya suka wanke wa Babana kai. Da yamma ya dawo mana, farar rigar ta zama ja har gwiwa.

Sai da damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai, kaset ɗin fim ya iso Jega. Samarin ba su zo da kansu ba, wani direba suka ba. Aka sa shi a zauren wani ɗan kasuwa mai bidiyo da janareto, bayan azahar, ana yayyafi. Unguwa duk ta taru, mu yara a gaba. Ban san Babana ya zo ba sai da na waiga na gan shi tsaye a bakin ƙofa.

Aka nuna kasuwarmu, aka nuna gulbi, aka nuna Babana yana dariya a gindin dogonyaro. Sai ga wata yarinya da jan ɗan kwali ta cika akwatin, ta buga ƙirji, ta ce Babana zai kashe shi. A wannan karon babu wanda ya yi dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sannan aka nuna Bahagon a bakin rumbunsa, ya faɗi maganar ƙarfen nan da muka riga muka ji. Amma a nan ba a kashe akwatin ba, sai ya ci gaba. Ya ce: “Su sunka ce hakanan, ni ban ce ba. Ni na sha hannunai, na san shi. Wanga mahauci bai buƙatar ƙarfe. Duk duniya shi ɗai na nika jin tsoro, kuma in ya mutu ban san wa zan ba labari ba.”

Babana ya ce a mayar baya. Aka mayar. Ya ce a ƙara. Sau uku yana sauraro. Bai tsaya ganin damben ba, ya juya ya fita cikin ruwan. Na bi shi a guje, ina tsammanin duka zan sha, ina ma so a dake ni. Na tarar da shi a tsakar gida yana naushin gindin dogonyaro da hannun dama, ba zare, ba tsumma. Yana bugu yana ƙarawa, ɓawon itacen yana tashi, fatar yatsunsa tana tashi tare da shi. Na ji ƙarar ƙashi ya karye, bai daina ba. Inna tana kururuwa, maza sun kasa matsawa kusa. Sai da Tsohuwa ta shiga tsakaninsa da itacen ta tsaya, sannan hannun ya sauka. Ya zauna a cikin taɓo. Da ya gan ni, ya jawo ni da hannun hagu ya ce: “Ba ke ta ba, ɗiyata. Mu munka koya miki.”

Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma hannun bai ƙara dunƙulewa ba, bai ƙara riƙe wuƙa ba. Baba Ƙarami ya karɓi teburin nama. Babana ya rayu shekaru da yawa bayan haka, mutum mai shiru, in ya ji kalangu daga nesa sai ya shige ɗaki. A shekarunsa na ƙarshe, da hankalinsa ya fara gushewa, ya manta sunayenmu, ya manta Inna ta rasu. Amma kullum da safe sai ya tambaya ko baƙon Giwa Tazo ya iso, ya ce a shimfiɗa masa tabarma a inuwa, a zaunar da shi ta inda zai riƙa ganin mutane.

Yanzu filin nan na Aliero gidaje ne da shaguna, na wuce ta wurin bara ban gane shi ba. Tsohuwa da Inna da Baba Ƙarami duk sun tafi, kaset ɗin ma ban san hannun da ya ƙare ba. Dambe kuwa bai mutu ba, sai ma ƙaruwa da ya yi. An kewaye fage, an sa kujeru, kowa yana ɗauka da wayarsa. Jikokina sukan haɗa kai a kan waya ɗaya suna kallon yadda aka kwantar da wani, su mayar baya, su sake kallo, suna shewa. Hoton yana ƙarewa ne daidai inda mutumin ya taɓa ƙasa, sai wani ya biyo baya. Ba na hana su. Nakan dai matsa kusa in tambaye su ɗan wane gari ne wanda ya faɗin, kuma ya tashi daga baya? Har yau babu wanda ya taɓa ba ni amsa.